Sawun Giwa a Bakin Gaji

Tambayar ta zo ne wani dare cikin hunturu, a ɗakin mahaifiyata da ke gidanmu na Sabon Garin Wudil. Jikoki sun kewaye kaskon wuta, Hajiya tana yi musu tatsuniya, ta kai inda zaki ya aika a tara masa namun daji kaf a fadarsa. Sai 'yata, wadda ba ta daɗe da cika shekara bakwai ba, ta waiwayo inda nake zaune ina danna waya, ta ce, "Abba, shi zakin nan akwai shi da gaske, ko irin su dodo ne?"

Na ce akwai shi mana. Ta ce na taɓa ganinsa? Na ce na gan shi a Gidan Zoo na Kano muna firamare, yana kwance a bayan ƙarafa, ƙudaje na bin fuskarsa. Ta ce a'a, a daji take nufi. Na yi shiru. Ta juya ga kakarta, ita ma ba ta taɓa gani ba. Iyakar abin da ta riƙe shi ne mahaifinta ya sha ba su labarin yadda suke jin gurnaninsa da dare a zango, zamanin da suke fatauci da jakuna. Yarinyar ta duba ta ga daga kaka har jika babu shaida ko ɗaya a ɗakin. Ta koma sauraron tatsuniya da fuskar wadda aka ba amsa ba ta gamsu ba.

Abin ya tsaya mini a rai, wataƙila don sana'ata ta kalmomi ce. Mai karatu ya duba yadda namun daji suka cika mana baki. Da wuya ka yi hirar sa'a guda da dattijo giwa ko kura ba ta ratsa ta cikin zancen ba. Giwa a garin wani zomo ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Fadawa na gaishe da sarki da "Zaki!" Muna da Rijiyar Zaki a Kano, muna da Kwalejin Barewa a Zariya. Muna yi wa ɓauna kirari da saniyar sake, gwanki kuwa sha bara. Amma tara ɗalibai goma daga jami'ar da ke nan Wudil, ka jera musu hoton gwanki da kanki da gwambaza da mazo, ka ce kowa ya sa wa kowanne sunansa, ka ga yadda za a yi ta kallon-kallo. Ni kaina, da digirina na aikin jarida, da na faɗi wannan jarrabawa. Wadda ta fi ban tausayi ita ce dorina. A wurin yaron Kano dorina bulala ce kawai, wadda ake razana marasa ji da ita. Kaɗan ne suka san cewa sunan wata ƙatuwar dabbar ruwa ce da ake yanko bulalar daga fatarta. Fata ta gaje sunan, mai fatar ta ɓace.

Wasu abokan aikina sun je taro Kenya, aka kai su Masai Mara, suka dawo wayoyinsu cike da zakuna. Suna ce wa abin safari, kalmar da Turawa suka aro daga Swahili, Swahili kuma ya aro ta daga Larabci, inda take nufin tafiya. Mu ma mun ari kalmar nan tun da jimawa, sai dai ta wata ƙofa ta shigo mana: safara. A can ta zama tafiyar kallon giwa, a nan ta zama tafiyar fatauci, har da safarar haurenta. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya ambaci hauren giwa cikin hajar da ke ratsa kasuwar birnin. Ni dai ba ni da kuɗin zuwa Kenya, kuma ko ina da shi, amsar da yarinyar ke nema ba a can take ba. Zakin tatsuniyar Hajiya zakin ƙasar nan ne. Saboda haka da watan Maris ya kama na ɗauki hutun kwana uku, muka nufi Yankari, ni da ita da ƙanena da ke tuƙi.

Daga Wudil hanya ta bi da mu ta Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, daga nan muka ɗauki titin Gombe har Dindima, muka karkata dama zuwa ƙauyen Mainamaji, inda ƙofar gandun take. Wuni guda cur muna tafe, ina duban gefen hanya ina neman abin da za a kira daji ban samu ba, sai gona bayan gona, sai kututture, sai motocin itace da buhunan gawayi da muke ta giftawa da su, duk sun fuskanci inda muka fito. A ƙofar Mainamaji ne ƙasar ta sauya farat ɗaya, kamar an sa wuƙa an tsaga. Bayanmu fili fetal, gabanmu kawo da marke da taramniya sun haɗa kai. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masauki yake, akwai tafiyar fiye da kilomita 40 cikin wannan dajin, ba gida ba gona.

Faɗin Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne, wato ya fi Masai Mara ɗin da abokaina ke yabo girma. An keɓe shi a 1956, zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga masu ziyara ran 1 ga Disamba 1962. Gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. A 2014 wata ƙungiyar kare namun daji mai hedikwata a Amurka, WCS, ta ƙulla yarjejeniya da jihar don yin aiki tare wajen tsaron dajin. Lokacin da aka buɗe shi mutanen Nijeriya ba su kai miliyan 60 ba; yau mun haura miliyan 200. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya bayyana abin da na gani a gefen hanya. A da ƙauyuka ne tsibirai cikin daji. Yanzu dajin ne tsibiri.

Washegari bayan sallar asuba muka hau motar kallo, buɗaɗɗiya mai kujeru a jere, tare da wani magidanci da iyalinsa daga Jos da 'yan bautar ƙasa biyu. Ɗan rakiyarmu dattijo ne siriri, ɗan yankin, mai magana a hankali kamar wanda ba ya son iska ta ji. Ya gindaya mana sharuɗɗa: ba sauka sai ya ce, ba ihu, ba jefa wa dabba abinci. Ya kuma ce mun zo a kan gaɓa. Da rani ciyawa ta kwanta, ganye ya zube, tafkuna sun ƙafe, kogin Gaji ne ruwan da ba ya yankewa, don haka duk mai rai dole ya gangaro kwarinsa. Da damina kuwa gamba ta fi tsawon mutum, ruwa ko'ina, giwa na iya tsayawa taku ashirin da kai ba ka sani ba.

Kusan sa'a guda ba mu ga komai ba sai zabi, suna ta tsere a gaban mota kamar su aka zo kamawa. 'Yan bautar ƙasa suka fara hamma. Wanda ya saba kallon namun daji a talabijin ya riga ya ɓata idonsa, domin can an tace watanni an zuba masa cikin minti arba'in, kowane kallo da farauta a cikinsa. Dajin gaske yawancinsa jira ne. Sai da na ajiye waya na bar neman abin ɗauka, sannan na fara lura cewa shirun ma cike yake: ƙarar busasshen ganye, kukan kurciya, warin ƙasar da raɓa ta taɓa.

Dattijon ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Wasu manyan tsuntsaye baƙaƙe guda biyu suna takawa cikin ƙasaita a wani fili, baki dogo, da ƙaho a goshi. Ya ce, "Burtu." Ya ce mahaifinsa maharbi ne, kuma da kan wannan tsuntsun yake farauta: ya ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana sunkuyar da kan kamar mai kiwo, har ya shiga tsakiyar nama ba su farga ba. Na tambaye shi, "Baba, ashe ɗan maharbi ne ke tsaron nama?" Ya ce, "To wa ya san hanyar ɓarawo in ba ɗan gida ba?"

Daga nan dajin ya fara buɗe mana. Muka ga gwambaza a bakin fadama, masu gashi buzu-buzu ruwan toka, namijin da ƙaho mai zobba ya lanƙwaso gaba. Ba sa nisa da ruwa, in ji shi, kuma jikinsu na da wani maiƙo mai wari. Muka ga kanki, dogon fuska, kafaɗa sama ƙugu ƙasa, kamar wanda aka fara ƙerawa ba a ƙarasa ba, amma da ya zabura sai ƙura. Mazo ya leƙo daga sarƙaƙiya, ja mai zane-zanen fari, ya koma kafin yarinyar ta gama nuna shi. Duk wanda ya fito dattijon ya kira sunansa da Hausa, ni kuma ina jin wani abu mai kama da kunya gauraye da murna, irin ta wanda ya daɗe yana jin sunan dangi sai yau aka haɗa su ido da ido.

Gwanki ne ya fi daɗe mana. Su shida ne, a wani ɗan tudu, rana ta fara haska su ta gefe. Girman doki gare shi, jiki ja-ja mai toka, fuska baƙi da fari kamar an yi masa kwalliya, kunnuwa dogaye masu tuntu a baki, ƙahonni sun lanƙwasa baya. Babban namijin ya tsaya yana kallonmu kai a sama, ko gezau. Na furta kirarinsa a hankali. Dattijon ya ji, ya juyo ya ce ai shi ya sa ake ce masa sha bara: maharbi ya yi ta auna shi yana kuskure, in ma ya same shi ba lalle ya faɗi ba, in kuwa ya ji rauni ya durƙusa to kare ko mutum kada ya matso, ƙahon nan ba ado ba ne. Shekara talatin da 'yan kai ina jin ana yi wa jarumai wannan kirari, ban taɓa tambayar me ake barar ba.

Giwa dai ba ta fito ba. Abin da ta bar mana shi ne aikinta: wani marke da aka karya daga tsakiya kamar karan dawa, wata bishiyar an saluɓe mata ɓawo tun daga sama da tsawon mutum biyu, da tulin kashi a tsakiyar hanya, kowane curi ya kai ƙwallon ƙafa. Dattijon ya sauka ya fasa ɗaya da sanda, ya duba laimar cikinsa, ya ce jiya da dare suka wuce. Babbar giwa na iya cin abin da ya kai kilo 150 a wuni, saboda haka ba ta zama wuri ɗaya. Cikinta wata 22 ne, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa shekara huɗu ko biyar. Garken kuma tsohuwa ce ke jan sa, ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari. Wanda ya harbe uwa ɗaya don haure biyu ya kashe shekaru masu yawa da harsashi guda. Giwayen Yankari yanzu ana ƙiyasta su da kimanin 100, kuma da wannan ɗan adadin suna cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya. An ɗaura wa wasunsu na'ura a wuya, wadda ke nuna wa masu gadi inda suke ta tauraron ɗan'adam. Tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, amma safara ba ta mutu ba: a watan Janairun 2024 gwamnati ta niƙe tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a bainar jama'a a Abuja.

Da rana ta take muka koma sansani. Nan namun daji ne ke zuwa kallon mutane. Gadu na yawo tsakanin ɗakuna da wutsiya a tsaye, yana durƙusawa a kan gwiwa yana kiwo. Gwaggon biri kuwa ya san ƙarar leda fiye da ɗan kasuwa. Ƙanena ya bar gilashin mota a buɗe don ya ɗauko caja, kafin ya juyo wani ƙato ya zura hannu ya ɗauke burodinmu, ya hau kan rufi ya zauna yana ɓare ledar a nitse yana kallonmu. Wannan ne abin da ya fi ba yarinyar dariya a duk tafiyar, kuma na tabbata shi za ta fara ba ƙawayenta labari.

Akwai ɗan gidan tarihi a sansanin, mai fatu da ƙasusuwa da haure, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta. Na daɗe a gaban tarkunan. Waya ce kawai aka murɗa, irin wadda za ka saya a kowace kasuwa, ba ta kuma san bambancin gada da zaki ba. Daga nan muka gangara matakala zuwa Wikki, ruwan ɗumin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, garau har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Masu rakiya kan ce sunan daga harshen Dugurawa yake, ma'anarsa "ina kake?" Da yawa daga cikin waɗanda muka tarar a ruwan wanka kawai ya kawo su, ba su da niyyar hawa motar kallo, kuma ban ga laifinsu ba, ruwan ya isa dalilin tafiya.

Dajin nan ba kullum yake babu mutane ba. Akwai tsofaffin matoyar ƙarfe a cikinsa, akwai rijiyoyin Dukkey, akwai kuma kogunan da ake kira da sunan Marshall, ɗakuna 59 da aka fafe a jikin dutse, waɗanda ake kyautata zaton mafaka ce a zamanin hare-haren kamun bayi. Wato akwai lokacin da mutum ne ke ɓuya a nan, yana tsoron mutum.

Bayan la'asar muka sake fita, wannan karon muka bi gaɓar Gaji sosai, inda itatuwa ke da duhu, giginya ta yi jere. Tsando ya yi mana maraba. Cizonsa kamar an soka allura mai zafi. A wani gurbi mai zurfi dattijon ya nuna mana wasu duwatsu biyu a tsakiyar ruwa. Ɗaya ya kaɗa kunne, ya yi atishawa ruwa ya tashi. Na ce wa yarinyar ga dorina. Ta dube ni, ta dubi ruwan, ta ce, "Abba, ta malam?" Na ce ita ce, daga bayanta ake yankowa. Ta yi shiru, sannan ta ce ashe ita ma dukanta aka fara yi.

Ɓauna muka ci karo da su rana na gab da faɗuwa. Ƙura muka fara gani, sannan garken ya ratso hanya a gabanmu, sun fi arba'in a ƙirgena, wasu baƙaƙe wasu jajaye, 'yan maruƙa a tsakiya, carki na bin bayansu yana cirar kaska. Ni ɗan Wudil ne, na tashi ina ganin shanu dubbai a kara kowace Juma'a, na ɗauka na san abin da ake kira garke. Amma saniya in ta dube ka tana jiran abin da za ka yi da ita ne. Wani tsohon bijimin ɓauna ya tsaya a tsakiyar hanya har sauran suka gama wucewa, ya ɗaga hanci yana shaƙar iskarmu, kuma a kallonsa babu jiran komai. Babu wanda ya yi motsi a motar. Yarinyar ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga. Sai da ya ga dama ya juya. A nan na fahimci saken da ke cikin kirarin.

A wani fili da aka saba tsayawa, inda gaɓa ta yi laka, dattijon ya ce mu sauko. Sawu ne, zagayayye kamar faifai, ya nutse cikin lakar da ta fara bushewa, da 'yan tsage-tsagen tafin ƙafar duk sun fito. Ya ɗaga yarinyar ya tsayar da ita a ciki, ƙafafunta biyu da takalmi suka shige har da sauran wuri. Ya ce in ka auna kewayen sawun gaba ka ninka biyu, ka sami tsayin giwar zuwa kafaɗa. A cikin sawun akwai ƙananan sawaye na gada da na tsuntsu da suka bi bayanta. Sawun giwa ya take na raƙumi, haka muke cewa. Sai dai raƙumin da zai taka nan babu shi: raƙumin dawa ya ƙare a Yankari, haka kyarkeci da mariya da dari. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma na asali yanzu sai Jamhuriyar Nijar, mafi yawansu a yankin Kure gabas da Yamai. Waɗanda ke Sumu, nan cikin Jihar Bauchi, daga Namibiya aka kawo su a 2006.

Yarinyar ce ta yi tambayar da ta kawo mu. "Baba, ina zaki?"

Dattijon ya tsuguna daidai tsayinta. Ya ce akwai shi, 'yata, amma kaɗan ne, kuma ya koyi ɓuya. Ya ce shi da ke shiga dajin nan kullum yakan daɗe bai sa shi a ido ba, sai dai sawu, ko gurnani can cikin dare. Gaskiya ya faɗa mata. Wani bincike da aka buga a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan Afirka ta Yamma gaba ɗaya kimanin 400 ne suka rage, mafi yawansu a dajin da ya haɗa iyakokin Benin da Burkina Faso da Nijar. A Nijeriya wuri biyu kawai aka san suna nan, Yankari da Kainji. Ba harbi kaɗai ke cin su ba. In mafarauta sun kwashe kanki da gwambaza don kasuwar naman daji, zaki ya rasa abinci ya faɗa wa shanun da aka shigo da su kiwo; mai shanu ya zuba guba a mushen, zaki ya dawo ya ci, kura ta ci, ungulu ta ci. Ungulu ma, da na tuna, rabona da ganinta a mahautar Wudil na manta, alhali muna yara rufin kwanon baƙi yake da su.

Da dare na zauna a ƙofar ɗaki ina kasa kunne har ƙarfe ɗaya. Na ji kura can nesa, na ji birai suna faɗa a kan bishiya. Zaki bai yi magana ba.

Da safe a hanyar fita muka tsaya shan shayi a wani ƙauye da ke bayan ƙofar gandun. Wani tsoho a kan benci ya tambayi yarinyar me ta gani. Ta lissafa masa, ta ƙare da cewa amma ba su ga giwa ba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ku dawo da kaka, ku kwana a gonata, kyauta." Ya ce bara dawarsa ta yi kai, saura kwanaki a yanka, suka shigo cikin dare. Shi da 'ya'yansa suka yi ta buga garwa suna haska tocila, giwayen ba su ko ɗaga kai ba. Kafin gari ya waye abincin shekara ya tafi. Babu zafi a muryarsa, kamar mai ba da labarin ambaliya. Na ce, "Baba, da za a tambaye ka, a bar su ko a kawar da su?" Ya juya kofinsa ya ce, "Malam, tun kakanninmu suna nan. Ni dai da mai zuwa kallo zai san wanda ke ciyar da abin da yake kallo, da ya isa."

Na biya kuɗin mota da na ɗaki don in ga giwa ban gan ta ba. Shi da bai nema ba ya gan ta a tsakiyar hatsinsa. Karin maganar kura da gardi ta dawo mini, sai dai wannan karon na rasa inda zan sa kaina in ba a layin gardi ba. Mu 'yan boko mun iya zancen kare muhalli a ɗakin taro mai sanyi, amma kuɗin ajiye giwa ɗari a ƙasa mai mutum miliyan 200 ba daga aljihunmu yake fita ba. Manomin bakin daji ne ke biya da dawarsa, da mai gadin da ke kwana a jeji yana fuskantar masu bindiga, kuma an sha rasa rayukan masu gadi a wannan aiki. Gawayin da muka yi ta giftawa da shi a hanya kuwa, gidaje irin nawa yake zuwa. Kaskon da jikokin Hajiya suka kewaye suna jin labarin zaki da shi aka hura shi. Akwai shirin da ake ɗaukar mutanen ƙauyukan su riƙa sa ido suna sanar da masu gadi in giwaye sun doso gonaki, kuma harbin giwa ya ragu ƙwarai tun wajen 2015. A ganina ma'aunin da zai nuna ko Yankari zai kai ga jikokinmu shi ne ko tsohon nan zai wayi gari ya ga giwa ta kawo masa wani abu ban da asara.

Mun iso gadar Wudil ana kiran magariba, masunta na jawo kwale-kwale gaɓa. Yarinyar ba ta ko cire takalmi ba ta faɗa ɗakin kakarta. Ta fara da birin da ya saci burodi, kamar yadda na zata, sannan dorina, sannan sawun da ta tsaya a ciki. Game da zaki ta ce akwai shi, wani Baba ya ce yana jin kukansa, amma ya koyi ɓuya. Da ta zo kan gwanki, Hajiya ta ajiye carbinta ta gyara zama.

Ta ce, "Gwanki kika gani da idonki? To faɗa mini, wane launi ne shi?"